Ɗanɗano da Mahaɗi: Ƙa'idojin Haɗa Abin Sha da Abin Ci a Samaru da Sabon Garin Zariya, da Kwatancinsu da na Japanawa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa Bahaushe yana da ƙa'idojin da yake bi wajen zaɓen abin shan da zai haɗa da abin ci, kuma waɗannan ƙa'idoji, ko da yake ba a karantar da su a aji, suna nan ajiye cikin kalmomin harshensa. Mai sayen koko da sassafe ba ya tsayawa ya tambayi kansa dalilin da ya sa ƙosai zai nema maimakon tuwo, amma akwai dalili, kuma ana iya fayyace shi. An ɗauko misalai daga Samaru da Sabon Garin Zariya, sa'an nan aka kwatanta su da al'adar mutanen Japan ta ɗanɗana giyar shinkafa da suke kira sake, da yadda suke haɗa ta da abincinsu na kifi da shinkafa mai suna sushi.

Ya kamata a faɗi tun da farko cewa sake giya ce, shanta kuwa haramun ne ga Musulmi. Abin da ya sa aka kawo ta a nan shi ne Japanawa sun daɗe da rubuta ƙa'idojin ɗanɗanonta, sun ba kowane ɗanɗano suna, sun kuma bayyana dalilin kowane haɗi. Saboda haka tsarinsu zai zame mana madubin da za mu ga namu a ciki. Ita kalmar kuma ta Japananci ce, ba ta da dangantaka da aikatau ɗin nan na Hausa mai ma'anar maimaitawa.

2.0 Wurin Nazari

Sabon Garin Zariya ya kafu ne bayan isowar hanyar jirgin ƙasa a 1911, lokacin da Turawan mulki suka ware wuri a wajen ganuwa domin baƙi ma'aikatan reluwe da na kamfanonin ciniki. Yarbawa da Ibo da Nufawa da mutanen kudancin Zazzau da Hausawa 'yan kasuwa duk sun zauna a cikinsa, kowa da cimarsa. Samaru kuwa ta bunƙasa ne a gefen tashar binciken aikin gona da aka buɗe a 1922, sa'an nan ta ƙara cika bayan kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Dalili ke nan da ya sa a waɗannan wurare biyu mutum zai iya samun mai koko da mai fura da mai shayi da mai tsire a layi ɗaya, ga matan Fulani masu kawo nono daga rugagen da ke kewaye, ta wajen Shika da Giwa. A wasu lungunan Sabon Gari kuma an daɗe da sanin gidajen burkutu da fito. Samun waɗannan duka a wuri ɗaya shi ke sauƙaƙa kwatance.

Kafin a ci gaba, akwai buƙatar a tuna cewa iyakar da ke tsakanin ci da sha a Hausa ta harshe ce. Bazazzage shan fate yake yi, ko da da cokali ne, haka kuma rake da mangwaro da lemo shan su ake yi. Claude Gouffé ya yi nazarin waɗannan aikatau biyu a 1966, Philip Jaggar da Malami Buba kuma suka sake duba su a 2009. A wannan takarda, abin sha yana nufin mai ruwa-ruwa wanda ake kurɓa daga ƙoƙo ko kofi ko ludayi, kamar koko da kunu da fura da zoɓo da shayi.

3.0 Kalmomin Ɗanɗano

A 1955 F. W. Parsons ya nuna cewa Hausa tana da wani rukuni na ɓoyayyun sunaye masu bayyana abin da gaɓoɓin jiki ke ji, waɗanda yawansu ya kai kimanin 60. Dukansu sigarsu ɗaya: gaɓa biyu, ta farko mai nauyi, karin sauti sama-sama, da dogon wasalin i a ƙarshe. Daga cikinsu ake tsirar da sifa da aikatau ta hanya ɗaya, alal misali zaƙi ya ba da zazzaƙa, tsami ya ba da tsattsama, daɗi ya ba da daddaɗa da daɗaɗa, zafi ya ba da zazzafa da zafafa. Abin lura shi ne yawancin kalmomin baki da hanci daga wannan rukuni suke, abin da ke nuna cewa tsofaffi ne a harshen. Ga waɗanda za su yi mana amfani:

(a) zaƙi, kamar na zuma da rake;
(b) ɗaci, kamar na maɗaci da shuwaka;
(c) tsami, kamar na tsamiya da yakuwa da nonon da ya kwana;
(d) bauri, watau ɗaurewar da baki ke yi bayan cin goro ko ɗanyar kanya;
(e) garɗi, kamar na soyayyar gyaɗa da madara da aya;
(f) zartsi, na ruwan rijiyar da ke da gishiri-gishiri;
(g) ƙarni, na ɗanyen kifi da jini da ɗanyen nama;
(h) ƙauri, na abin da ya kama a tukunya.

Bayan waɗannan akwai maƙaƙi, wanda gwaza ke bari a maƙogwaro, da lami, watau rashin ɗanɗano, wanda ake ƙarfafawa da amsa-kamar nan salam. Ta fuskar jikin abin sha kuma ana cewa kunu ya yi kauri kirtif, ko ya yi ruwa tsululu, wanda ya tsinke kuwa sunansa tsararo.

Ita kalmar mahaɗi sunan kayan aiki ce daga aikatau haɗa, an sa mata ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar mabuɗi daga buɗe. Ma'anarta abin da ake haɗawa da wani abinci domin ya ciwu. Akwai kalmomi uku da ke tafiya tare da ita. Gaya shi ne abinci ba mahaɗi, kamar tuwo ba miya, kuma cinsa alamar rashi ce. Kora aikatau ne na bin abin ci da abin sha, kamar a ce ya ci ƙosai ya kora da koko. Ginsa kuwa halin da maiƙo ko zaƙi ke jefa mutum a ciki ne, inda zai kasa ci gaba da ci alhali bai ƙoshi ba. Wanda ya fahimci waɗannan kalmomi uku ya fahimci aikin mahaɗi, gama duk abin da mahaɗi ke yi shi ne ya fitar da abinci daga gaya, ya sauƙaƙa wucewarsa, ya kuma jinkirta ginsa.

4.0 Sake da Sushi a Taƙaice

Ana yin sake da shinkafa da ruwa da yis da wata irin fumfuna da ake kira koji. Da farko akan surfe shinkafar sosai domin a cire bayanta mai maiƙo. Idan abin da ya rage na ƙwayar bai wuce kashi 60 cikin 100 ba ana iya samun ajin da ake kira ginjo, idan kuma bai wuce kashi 50 ba sai a sami daiginjo. Bayan an turara shinkafar sai a yayyafa wa wani sashe nata koji, wanda sinadarinsa ke mai da sitaci sukari, yis kuma ya mai da sukarin giya. Ƙarfin mayenta a kwalba yakan kai kashi 15 zuwa 16 cikin 100. Nada, kusa da birnin Kobe, da Fushimi, a birnin Kiyoto, su ne suka fi shahara da yin ta. Ruwan Nada mai yawan ma'adinai ne, shi ya sa giyarsa take da kaifi har suke ce mata ta maza, na Fushimi kuwa mai laushi ne, suna ce wa giyarsa ta mata. Wanda ya san yadda ruwan zartsi ke ɓata shayi ba zai yi mamakin wannan ba.

Mai karatu da ya san girkin kunun zaƙi zai ga kama a nan. Mai kunu takan raba ƙullun gero ko dawa gida biyu, ta dama kaso mafi yawa da tafasasshen ruwa, ta bar ɗaya ɗanye bayan ta niƙa shi da tsiron hatsi ko busasshen dankali. Idan damammen ya ɗan huce sai ta haɗa su ta bari su kwana. Sinadarin da ke cikin tsiro da dankali shi ke tsinka kunun ya mai da sitacinsa sukari, ƙwayoyin bakteriya kuma su ba shi ɗan tsami. Aikin da koji ke yi wa shinkafa ke nan. Japanawa ma suna da irin wannan abin sha, amazake, wanda idan da koji da shinkafa kaɗai aka yi shi ba ya sa maye. Burkutu ita ma da tsiron dawa take farawa, sai dai ita ana barin ta har yis ya yi aikinsa. Haka kuma lokacin da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, dawa masana'antu suka koma wa, musamman ƙaurar nan gajera mai lamba SK 5912 wadda aka samar a Samaru.

Sushi kuwa asalinsa hanyar adana kifi ne. Akan gishirta kifi a binne shi cikin dafaffiyar shinkafa wata da watanni har shinkafar ta yi tsami, sa'an nan a ci kifin. Har yanzu ana yin irin wannan a yankin tafkin Biwa. Daga baya aka koma zuba wa shinkafar ruwan khal domin a sami tsamin ba tare da jira ba. A shekarun 1820, a birnin Edo wanda ya zama Tokiyo, aka fara sayar da 'yar curin shinkafa da yankan kifi a kanta, kuma ana danganta wannan da wani mai suna Hanaya Yohei. Ana cin sa da wasabi, wata saiwa mai hawa hanci, da ruwan waken soya mai gishiri, da yankakkiyar citta da aka jiƙa a ruwan khal.

Ɗanɗana sake sana'a ce mai suna kikizake. Mai ɗanɗano yana amfani da farin kofin tangaram mai zobba biyu shuɗɗa a gindinsa, domin ya ga launi da garau ɗin abin da ke ciki. Daga ido sai hanci, daga hanci sai baki, sa'an nan ya tofar ya saurari abin da ya saura a harshe. Ɗanɗano biyar suke ƙirgawa tun da: zaƙi da tsami da ɗaci da bauri da wani kaifi wanda shi ne kishiyar zaƙi. Huɗu daga cikin biyar ɗin Hausa tana da kalma guda ta kanta ga kowanne. Matakan ma ba baƙi ba ne. Gwanar sayen nono a kasuwar Samaru takan duba farinsa, ta ɗaga ludayi ta ga yadda yake zuba, ta sansana, sa'an nan ta ɗanɗana. Da haka take rarrabe kindirmo da tsala, take kuma gane wanda aka yi wa algus da ruwa ko da farin garin 'ya'yan kuka. A gidajen burkutu ma an san al'adar ba mai saye ɗanɗano a ƙaramin ƙoƙo kafin a yi ciniki.

5.0 Ƙa'idojin Mahaɗi

5.1 Tsami yana yanke maiƙo

Koko da ƙosai shi ne karin kumallon da ya fi yawa a Samaru da Sabon Gari, kunun tsamiya da ƙosai kuma shi ne abin buɗa-baki a watan azumi. Ƙosai a mai ake soya shi, kuma in an ci shi shi kaɗai yakan ginshi mutum da wuri, ya kuma shaƙe shi. Tsamin gasara ko na tsamiya yana tsinko yawu ya wanke maiƙon da ya lulluɓe harshe, saboda haka ƙosai na biyar yakan yi daɗi kamar na farko. Irin wannan aiki zoɓo ke yi wa soyayyen nama a gidan biki, shi ne kuma dalilin matsa lemon tsami ko zuba ruwan tsamiya a kunun gyaɗa, wanda maiƙonsa a jikinsa yake. A wajen Japanawa, idan kifin mai kitse ne, kamar tumbin babban kifin teku da suke kira toro, sukan zaɓi sake mai tsami da nauyi, cittar nan ta ruwan khal kuma ana taunarta tsakanin wani kifi da wani domin a wanke baki. Mai tsire da ke yanka wa mai saye albasa da tumatir a gefen takarda wannan ƙa'ida yake bi.

5.2 Mahaɗi yana kashe ƙarni

Bahaushe ba ya cin ɗanyen kifi, kuma kalmar da zai kafa hujja da ita ita ce ƙarni. Japanawa ma suna ƙin ƙarni kamar yadda muke ƙi, bambancin kawai shi ne hanyar kawar da shi. Mu wuta muke sa wa, da citta da tafarnuwa da lemon tsami; su kuwa sabon kamu suke nema, su haɗa da wasabi da ruwan khal. A 2009 wasu masu bincike a Japan sun nuna cewa sinadarin ƙarfe da ke cikin giyar inabi shi ke tayar da ƙarni a baki idan an sha ta da abincin teku. Masu yin sake kuwa suna gudun ruwa mai ƙarfe domin yana ɓata mata launi da ƙanshi, saboda haka ba ta tayar da ƙarnin kifi. A wajenmu misali mafi kusa shi ne fura da nono. Nono yana da ɗan ƙarni nasa, kuma kayan yajin da ake kirɓawa cikin fura, citta da kanumfari da masoro da barkono, su ke danne shi. Shi kuma nonon yana rage zafin yajin, gama sinadarin da ke sa barkono raɗaɗi ba ya narkewa a ruwa, amma maiƙon nono da furotin ɗinsa suna ɗauke shi daga harshe. Wanda yajin tsire ya gigita, in ya sha ruwa raɗaɗin na nan, in ya kurɓi fura sai ya lafa.

5.3 Hatsi ba ya zama mahaɗin hatsi

Ba kasafai ake ganin mutum yana cin tuwo yana korawa da kunu ba, in dai ba rashi ba. Kunu da tuwo duka hatsi ne, haɗa su gaya biyu ne. Koko wake yake nema, fura nono take nema, waina kuma miyar taushe ko nama ko zuma. Masana abinci sun tabbatar da cewa furotin ɗin hatsi yana da giɓin da na wake da na nono ke cikewa, watau abin da harshe ya zaɓa ya dace da abin da jiki ke buƙata. Abin sha'awa shi ne tsohuwar al'adar Japanawa ita ma tana ɗaukar sake a matsayin shinkafa, don haka da yawa daga cikin masu riƙe da ita ba sa shan ta tare da shinkafa. A shagon sushi sukan sha ta ne da farko tare da yankan kifi zalla, idan curin shinkafa ya iso sai su koma ga ruwan koren shayi mai zafi. Haɗa sake da sushi tun daga farko har ƙarshe ya zama ruwan dare ne daga baya. Mu ma muna da irin wannan sauyi, gama a teburin mai shayi da wajen mai koko yanzu ana ganin masu tsoma burodi a koko, wanda hatsi ne a kan hatsi, kuma tsadar wake tana daga cikin abin da ke kawo haka.

5.4 Garɗi yana ninka garɗi

A 1908 wani malamin kimiyya a jami'ar Tokiyo, Kikunae Ikeda, ya gano cewa ɗanɗanon romon wata ciyawar teku daga sinadarin gulutamet yake, ya kuma sa wa ɗanɗanon suna umami. A 1909 aka fara sayar da sinadarin da sunan Ajinomoto, wanda a kasuwar Sabon Gari aka fi sani da farin magi. Daga baya aka gano cewa idan gulutamet ya gamu da wani sinadari da ke cikin kifi da nama, ƙarfin ɗanɗanon yakan ninku fiye da jimlar su biyun. Sake tana ɗauke da gulutamet, kifi yana ɗauke da ɗayan, wannan na daga cikin dalilan dacewarsu. Matan Hausawa sun riga sun san wannan a aikace, domin daddawa cike take da gulutamet, kuma miyar kukar da ta sami daddawa da busasshen kifi ko ƙashi ta fi wadda ta sami ɗaya daga ciki nesa ba kusa ba. Ita daddawar kalwa irin bakteriyar da ke ruɓar da ita ita ce ke ruɓar da waken soya a abincin Japanawa mai suna natto.

A nan akwai matsala ta fassara. Kalmar Hausa mafi kusa da umami ita ce garɗi, amma ba su yi daidai wa daida ba. Garɗi ya fi karkata ga abu mai ɗan maiƙo da ƙanshi, musamman wanda wuta ta taɓa, kamar gyaɗa da riɗi da ƙuli-ƙuli. Ba a cika cewa miyar kuka ta yi garɗi ba, sai dai a ce ta ji daddawa. Shawarar wannan takarda ita ce masu rubuta littattafan kimiyya da Hausa su yi amfani da garɗin romo ga umami, su bar garɗi tsura da faɗin ma'anarsa, maimakon a ƙuntata tsohuwar kalma domin ta dace da baƙuwa.

5.5 Jeri da yanayi

Mai sayar da sushi yakan fara miƙa farin kifi mai sauƙin ɗanɗano, ya bi da mai kitse, ya rufe da mai zaƙi, domin mai ƙarfi in ya riga ya rufe harshe ba za a ji mai rauni ba. Haka nan ana shan sake daga mai sanyi har zuwa mai zafi, kuma kowane mataki da sunansa: wadda ke wajen digiri 35 suna ce mata mai ɗumin jikin mutum, wadda ta kai digiri 50 kuma atsukan. A wajen Bahaushe mai azumi yakan fara da dabino da ruwa, ya bi da kunu da ƙosai, tuwo sai bayan salla. Baƙo ma ruwa ake fara ba shi, sa'an nan fura, sa'an nan abinci. Goro kuwa a ƙarshe yake zuwa, domin baurinsa yana share maiƙo, kuma ruwan da aka sha a bayansa yakan yi zaƙi a baki. Game da zafi da sanyi, koko da zafinsa ake so, in ya huce ya lalace, kunun zaƙi da fura kuwa sai da sanyin randa. Yanayin shekara ma yana da hannu, gama da hunturu kasuwar mai koko da mai shayi ke ci, da bazara kuma ta mai fura da kunun aya da zoɓo.

6.0 Abin da ke Salwanta

Kalma takan rayu ne muddin abin da take nufi yana nan a bakin mutane. Kunun zaƙi na asali zaƙinsa daga tsiro yake, mai sauƙi ne, ga tsami da garɗin gero a bayansa. Wanda ake ɗurawa a gora a yau sau da yawa sukari ne ya rinjaye shi, har ba a jin komai sai zaƙi. Fura ma akan dama ta da madarar gari da sukari mai yawa, miya kuma farin magi da dunƙule sun rage wa daddawa matsayi. Yaron da ya tashi a kan waɗannan ba shi da abin da zai rataya kalmar garɗi ko bauri a kansa. Malaman Hausa da ke koyar da 'yan birni suna iya jarraba ɗalibansu, su nemi bambancin bauri da ɗaci, ko na ƙarni da ƙauri, su ga nawa ne za su amsa ba tare da sun fake da "daɗi" da "ba daɗi" ba.

Asarar ba ta tsaya a madafa ba, domin waɗannan kalmomi su ne jarin adon magana. Muna cewa zaƙin baki da ɗacin rai, muna cewa dangantaka ta yi tsami, murya tana da garɗi, zance ya yi lami, mai ba da labari ya ƙara gishiri. Al'adar santi ma, inda daɗin abinci ke sa mutum sakin zancen da bai da kai a yi masa dariya, shaida ce cewa Bahaushe yana lura da abin da ɗanɗano ke yi wa hankali. Ɗalibin da bai taɓa rarrabe garɗi a harshensa ba, in ya gamu da shi a rubutaccen adabi fassara kawai zai haddace.

Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun adana kalmomin. Amma aikin ƙamus shi ne ya ba da ma'anar kalma ita kaɗai, ba ya faɗin wane abin sha ke tafiya da wane abin ci, ko dalilin haka. Wannan ilimi yana hannun masu koko da masu fura da mahauta da tsofaffin mata. Japanawa sun tattara nasu, har hukumar UNESCO ta sa al'adar cimarsu cikin jerin gadon ɗan Adam a 2013, ta kuma sa fasahar yin sake da koji a watan Disamba na 2024, a zama ɗaya da aka sa hawan sallar Kano. Abin da ya kai su can shi ne rubutu da bayani dalla-dalla.

7.0 Kammalawa

An yi ƙoƙarin nuna cewa haɗa abin sha da abin ci a Samaru da Sabon Gari yana bin ƙa'idoji biyar: tsami ya yanke maiƙo, mahaɗi ya kashe ƙarni, kada a ɗora hatsi a kan hatsi, garɗi ya ninka garɗi, a kuma kiyaye jeri da yanayi. An ga cewa kowace daga cikinsu tana da takwara a al'adar sake da sushi, ko da yake al'ummun biyu sun bambanta a addini da ƙasa da cima. Aikin da ya rage na ɗaliban babban digiri ne da malamansu. Ana buƙatar a zauna da masu waɗannan sana'o'i a naɗi maganarsu yayin da suke yaba kaya ko kushe shi, a tattara amsa-kamar da suke amfani da ita, a kuma kwatanta abin da Bazazzage ke nufi da garɗi da abin da Basakkwace da Bakatsine da mutumin Maraɗi ke nufi da shi. Ya kamata a fara da tsofaffin da suka san kunun zaƙi tun kafin sukari ya yi araha, domin su ne za su iya faɗin yadda ɗanɗanonsa yake a da.